Dosiyen Adda Maimuna

To, ya ishe ni haka. Tun da na dawo ba ni da ikon shan shayi a teburin Usmanu ba tare da wani ya ɗaga murya ba: "Ga ɗan Njamena! Yaya 'yan matan Chadi?" Isiyaku ya tambaye ni ya fi sau goma, Mamman Dogo kuwa har yanzu yana jiran tsarabar turaren da ban taɓa yi masa alkawarinta ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku a waya sau ɗaya in huta. Wanda bai iya karatu ba ya miƙa wa na kusa da shi. Dogo, da kai nake. Amma in labarin shaƙatawa kuke jira, ku ajiye wayar ku koma kan baburanku. Rakiya na yi, rakiyar ma ta hukunci.

Kun san yayata, Adda Maimuna. Ita ce mai boko a gidanmu, ta gama makarantar koyon koyarwa. Ni kun san inda na tsaya: aji biyu na kolej na ce wa malamai sai wata rana, na kama kilando, wato acaba. Bara ta samu aikin metires, wato malamar aji, a wata ekol, makaranta mai zaman kanta a nan Garwa, ba zan kira sunanta ba. Direkta ya ce ta fara koyarwa, amma ta kawo dosiye, takardunta na neman aiki, cikin sati. Ran nan tana sauri za ta aji, sai ta miƙo min jakar ledar nan mai maɓalli da take tara takardunta a ciki tun tana firamare, ta ce, "Sani, yi fotokopi ka kai ofis." Ba ta ce wannan da wannan ba, don a zatonta ina da hankali.

Yanzu ku gaya min tsakani da Allah, wane ɗan Garwa ne yake rage takarda a dosiye? Mu da muka taso ana korarmu daga ofis da kalma ɗaya, a ce maka "enkomple", bai cika ba, je ka dawo gobe, bayan ka yi layi tun safe? A wurinmu duk takardar da ke da tambari a kai dukiya ce, gwamma ta yi yawa. Na zazzage jakar a teburin mai fotokopi na ce, "Duka, patron." Na kai dosiye mai kauri ina taƙama, har sakatariya ta yaba min.

A cikin dukan nan akwai wata tsohuwar takardar asibiti. Lokacin da ƙanwarmu Zinatu ta rasu da ciwon sikila, wanda a asibiti suke ce wa direpa, likita ya sa aka gwada jinin kowa a gidan. Na Adda ya nuna AS. Ma'anarsa ba ta da ciwon, rabin gadonsa kawai take ɗauke da shi, kamar Baba da Inna. Adda sai ta shekara ba ta sha ko maganin ciwon kai ba. Ni kuwa ranar gwajin ina ganin allura na tsallake katanga, har yau ban san nawa ba.

Bayan sati biyu direkta ya kira ta ofis. Ya ce, "Madam, mun ga takardarki. Yaran nan ƙanana ne, ba za mu iya da malamar da yau tana aji gobe tana gadon asibiti ba. In iyaye suka ji kuma fa?" Ta yi masa bayani da Faransanci, ta koma ta yi da Fulatanci, ya ce ta je gida ta huta. Da ta dawo ba ta zage ni ba. Da zagin ta yi da na fi samun sauƙi. Daga ranar, "ina kwana" da "lafiya" ne kawai tsakaninmu, kuma ta daina hawa baburina.

Ana nan sai ga Madam Odil, nas ɗin nan mai ritaya da ta yi jinyar Zinatu, wadda yanzu take tara iyayen yara masu sikila a tsakar gidanta. Ta ce za a yi taro a Njamena, mutane daga ƙasashe da yawa, a kan yadda za a hana nuna wa mutum bambanci saboda abin da ya gada a jininsa. Suna neman wanda abin ya taɓa shi ya zo ya faɗa da bakinsa, su za su ɗauki nauyin tafiya. Adda ta yi tambaya ɗaya: "In na je, za su ba ni takarda mai tambari in kai wa direkta ya mayar da ni?" Madam Odil ta ce manyan mutane ne, ba a sani ba. Adda ta ji "manyan mutane", ba ta ji "ba a sani ba". Baba ya ce mace ba ta tsallake boda ita kaɗai, ya nuna ni da carbinsa: "Shi ya ɓata, shi zai raka."

Muka shiga babbar mota a ajans, tashar kamfanin motocin, da safe. Adda ta zauna jikin taga, jakar ledar a ƙirjinta kamar jariri. Na gwada barkwanci biyu kafin mu wuce Pitowa, ko kallo ban samu ba, sai na koma kan maƙwabcina, wani ɗan Mayo-Ulo mai sayar da takalman roba. Mutumin nan ba shi da katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, sai wata resepise, takardar wucin gadi, da ta tsufa har ta zama kamar ganyen shayin da aka dafa sau uku. Duk shingen kontrol sai an sauke shi, mu zauna muna gumi yana can yana rantsuwa. Ya dawo ya ce min, "Ni fa ɗakin kwanana yana Kamaru, bayin gidana yana Najeriya, wace takarda ce za ta ishe ni?" Mota ta kwashe da dariya. Na leƙa Adda, tana kallon waje. A Figil ta sayi dafaffen ƙwai uku ta taga, ta ba wata tsohuwa ɗaya, ta ci ɗaya, na ukun ta ɗora min a cinya ba tare da ta waiwayo ba. Na ci shi kamar magani.

A Marwa muka kwana gidan Goggo Hajara, ta yi mana tuwon dawa da miyar yakuwa mai tsamin da sai da idona ya kawo ruwa. An gaya mata jarrabawa Adda za ta je rubutawa, sai addu'ar sa'a take zubawa, mu muna amin kanmu a ƙasa.

Daga Marwa zuwa Kuseri, nan ne hanya ta nuna mana halinta. Ƙaramar bas ce, an cusa mu kamar buhunan albasa. Har Mora dai da sauƙi. Bayan Mora kuwa, ku da kuke kukan ramukan Yelwa, ku nemi gafarar Allah. Can kwalta ce tsibiri-tsibiri a cikin rami. Direbanmu Bashuwe ne, Jidda, yana tuƙi da hannu ɗaya yana zagin motar da Larabci. Kusa da Waza taya ta fashe. Ya ciro safaya, ita ma ba iska. Ya dube ta ya dube mu ya ce, "Ma fi mushkila," wai ba matsala. Tun daga ranar in na ji mutum ya ce haka sai gabana ya faɗi.

Muka zauna gindin wata ƙaya muna jiran wanda zai taimaka. Ba mai hira da ƙarfi, kowa idonsa a daji, kun dai san labarin 'yan bindigar hanyar nan ba sai na faɗa ba. Sai da motar sojoji ta wuce mutane suka fara numfashi. Kusa da Adda akwai wata mata mai jiki, Mama Falmata, 'yar kasuwar kifi daga Maga, da kwandunan banda a saman mota, waɗanda warinsu ya riga ya shiga har cikin aljihuna. Ta tambayi Adda ina zuwa. Na zata za ta ce jarrabawa, sai na ji ta faɗi gaskiya a taƙaice.

Mama Falmata ta ɗauki wani tsinke tana karyawa. Can ta ce, "'Yata, ni yara biyu na binne da ciwon nan. Dangin mijina suka ce jinina ne yake cinye musu 'ya'ya, suka haɗa min kayana. Sai daga baya wata nas ta gaya min ai sai uwa da uba sun haɗu yaro yake ɗauka. Shi ba wanda ya gwada shi. Yana can da wata."

Adda ta ce, "Allah ya jiƙansu, Mama."

"Amin. In kin shiga wurin manyan, ki faɗi naki, in lokaci ya rage ki ɗora nawa a kai. Ba sai kin kira suna ba, mu da yawa ne."

Da aka samu taya muka tashi, a Kuseri ta ƙulle mana kifi huɗu a takardar siminti, ta hau amalanke da kwandunanta ta tafi. Ko lambar waya ba mu karɓa ba.

A Kuseri gidan Baffa Garba muka sauka, ƙanen Baba, mai shagon atamfa. Shekara talatin yana can, Hausarsa ta zama kwaɗo: kalma biyu tamu, ɗaya ta Larabawan Chadi, ya yayyafa Faransanci a sama. "Faddal, faddal, ku shigo!" Shayinsu ja ne wur, a ɗan kofin gilashi kamar na awon magani, sukari kuwa har cokali yana iya tsayawa. Usmanu, in ka je can za a kama ka da laifin sayar da ruwan zafi. Aka kawo wani abu wai kisar, fale-fale kamar takarda, ana ci da miyar busasshiyar kuɓewa. Na ɗaga ɗaya sama na ce wannan ai har fotokopinsa za a iya yi. Maganar tana fita na san na taka wuta. Adda ta ajiye lomarta.

Shi Baffa kam, Baba ya riga ya gaya masa gaskiya a waya. Bayan la'asar ya kira mu zaure, ya rufe ƙofa.

"Maimuna, ke mai ilimi ce, amma ki saurare ni. Jinin nan ba naki ba ne ke kaɗai. Na ubanki ne, nawa ne, na 'ya'yana mata biyar da ke cikin gidan nan ne. Garin nan ƙarami ne, daga nan zuwa Njamena gada ɗaya ce. In kika tsaya gaban kamara kika ce gidan wane suna da kaza, gobe a kasuwa za a ji. Wa zai tsaya ya bambance AS da SS? Cewa kawai za a yi gidan masu ciwo."

Adda ta ce, "Baffa, ai an riga an faɗa. Har fotokopi aka yi."

Na dubi tabarma ina ƙirga zarenta.

Ya ce, "Wancan ofis ɗaya ne. Wannan duniya ce. Ki yi min alkawari ba za ki kira sunan gida ba."

Ta yi masa. Na ji haushinsa a lokacin, amma da na ga 'yan matan nan suna leƙe ta labule suna dariyarsu ba su san komai ba, sai na rasa wa zan ba gaskiya.

Washegari muka nufi gadar Ngeli. Jama'a, ku zo ku ga kasuwa a kan ruwa! Babura, amalanke, mata da kaya a ka, da guragu a kekunansu masu ƙafa uku an lafta musu kwalaye har ba ka ganin kansu, suna gudu suna ihu a ba su hanya. Ɗaya ya kusa cire min ɗan yatsa, ya waiwayo ya zage ni a kan laifinsa. A wurin masu duba takardu aka ba Adda fom ta cike, sai ta ce min "riƙe" ta miƙo jakar, karo na farko tun wancan lokacin. Jami'in ya ɗago ya ce, "Papiye," wato takardu. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya tafi da kansa. Na tura masa jakar gaba ɗayanta.

Ji kake tas! Adda ta buge min hannu a gaban mutane. Ta janye jakar, ta zaro dantite biyu, katin riga-kafi biyu da wasiƙar gayyata, ta ajiye.

"Abin da aka tambaya kawai, Sani. Abin da aka tambaya."

Jami'in ya yi dariya ya ce wa abokinsa wani abu da Larabci. Ni dai hannuna yana zafi, kunyata ta fi shi.

Njamena kuwa, in kuna so ku ji: titunanta sun fi namu faɗi, rana ta fi tamu mugunta, maza da rawani har hanci, gaisuwa kuma hannu a ƙirji ana ta maimaitawa kamar ba za a gama ba. Sefa ɗinmu ce dai suke kashewa, kilandonsu ma kilando suke ce masa, sai dai tuƙinsu ya sa na ji ni malamin makarantar tuƙi ne. 'Yan matan da kuke tambaya, ban gani ba. Otel na gani.

Otel ɗin taron an ƙure masa kilim, na'urar sanyi, har sai da na sa riga biyu. Aka rataya wa kowa kati a wuya, nawa an rubuta mai rakiya. Aka ba mu wani abin toshe kunne da ake jin tafinta a ciki. Na murɗa nawa ba daidai ba, na yi wajen awa guda ina jin Turancin Ingila ina gyaɗa kai kamar minista, sai da wata 'yar Kongo ta ji tausayina ta gyara min.

Abin da na tsinta shi ne wannan. Wani tsohon farfesa daga Senegal ya ce tun da daɗewa ƙasashen duniya suka amince a rubuce cewa ba a hana mutum haƙƙinsa saboda abin da ya gada a jini, amma amincewa daban, doka daban. Wata Baturiya ta ce a ƙasarsu an yi dokar: mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora ba shi da ikon tilasta maka ka nuna sakamakon irin wannan gwaji. Ni inshorar babur kawai na sani, ita ma tawa ta ƙare. Amma da ta ce takardar jininka sirrinka ce, ba a ba kowa sai da yardarka, sai na ji kamar da ni take, na zame cikin kujera.

Lokacin hutun shan kofi na haɗu da wani lauya Bakano, Malam Nasiru. Ya ji ina magana da Adda ya matso: "Kai samari, wannan Hausa ce ko salak? Na ji Faransanci, na ji Fillanci, ina jiran Hausar ta iso." Na ce masa ranka ya daɗe tamu ta yi yawon duniya ne, taku tana zaune gida. Ya yi dariya har da tari. Ya ce su ma can ana fama, akwai masu AS da aka mayar daga bakin aiki, ga masu SS kuwa ba a magana. Na cika aljihuna da ƙananan burodin nan masu lanƙwasa, ya yi kamar bai gani ba.

Rana ta biyu aka kira Adda. Sun ce in tana so a kira ta Madam M, a kashe kamara. Ta ce a kashe kamarar, amma sunanta Maimuna. Ta tsaya da hijabinta ruwan toka, ba takarda a hannu, ta yi magana kamar tana gaban aji. Ta faɗi Zinatu. Ta faɗi sati biyun da ta koyar, har ta fara sanin wane yaro ne yake zuwa bai karya ba. Da ta iso kan dosiye na sunkuyar da kai. Cewa ta yi, "An yi kuskure aka haɗa da takardar." An yi. Ba ta ce ƙanena ba, ga shi can baya da burodi a aljihu. Sannan ta ɗora labarin matar Maga, ba suna, kamar yadda aka roƙe ta.

Aka tafa sosai. 'Yar Kongon nan tana share hawaye. Shugabar zaman ta fara godiya, sai Adda ta ce ba ta gama ba.

"Ina da tambaya. Yanzu a cikinku wa zai ba ni takarda mai tambari in kai wa direkta ya mayar da ni ajina?"

Manyan suka dubi juna. Shugabar ta ce, cikin ladabi ƙwarai, su ba kotu ba ne, ba gwamnati ba ne. Shawarwari suke haɗawa su miƙa wa gwamnatoci, kuma labarinta zai shiga cikin rahoto, zai taimaki na baya. Adda ta ce, "Na gode," ta sauko. Na ga yadda take taka matakalar nan uku, kamar mai ɗauke da tulu.

Malam Nasiru ya same mu a waje. Ya ce, "Malama, da ya sallame ki, ya rubuta dalili?"

"Da baki ya faɗa."

"Akwai wanda ya ji?"

"Mu biyu ne a ofis."

Ya cire tabarau ya goge. "To gaskiya babu abin riƙewa. Ko a inda dokar take, sai an ga shaida. In za ki iya sa shi ya rubuta, ki nemi lauya a can gida."

Ku duba fa. Ni na ƙara takarda ɗaya da ba a nema ba, aiki ya tafi. Ga shi yanzu takarda ɗaya tak ake nema, babu ita.

Ranar rufewa aka raba wa kowa takardar shaidar halarta, mai kauri, da tambari har biyu da zare mai ruwan zinariya. Sunan Adda a tsakiya, a sama kuma sunan taron da manyan baƙaƙe, da maganar ciwon gado a ciki ɓaro-ɓaro. Ita ce takarda mafi kyau a jakarta, kuma ba ofishin da za ta kai ta ba ta tona kanta ba.

Dawowa ba abin faɗi. Baffa Garba bai ko bari mun ajiye kaya ba: "Kin kira sunan gida?" Ta ce a'a. Ya yi hamdala, ya ba ta turmin atamfa. Bai tambayi yadda aka ƙare ba. Hanyar Waza tana nan yadda muka bar ta, taya dai ba ta fashe ba. Goggo Hajara ta tambayi jarrabawa, Adda ta ce sai sakamako ya fito.

Kwana biyu da isowarmu ta fito da safe da jakarta ta ce, "Kai ni ekol." Na goge mata kujerar babur da hannun rigata. Direkta ya bar ta a benci fiye da awa, ni ina tsaye jikin tagar ofis, ina jin komai. Ta miƙa masa takardar taron. Ya karanta ya ce, "Felisitasiyo, barka, madam, har Chadi! To ai kin ga, ke ma da kanki kin je taron marasa lafiya."

Ta ce, "Ba marasa lafiya ba ne, kuma ni lafiyata ƙalau. A can an ce bai halatta a hana mutum aiki saboda gadon jini ba."

"A can."

"To ka rubuta min dalilin da ya sa ka sallame ni."

Ya yi 'yar dariya. "Wa ya sallame ki? Gwaji kika yi na sati biyu, ba mu sa hannu a komai ba. Ajin kuma an ba wata." Ya juya takardar yana shafa zaren. "Amma takardar nan ta yi kyau. Ki bar mana fotokopi mu sa a dosiyenki."

Na ji ƙarar maɓallin jaka. Ta fito ba ta dubi kowa ba. Ta tagar wani aji yara suka hango ta, biyu-uku suka yi ihu, "Metires! Metires!" Ta ɗaga musu hannu ba ta tsaya ba. A hanyar gida, a ramin nan na kwanar kasuwa, ta riƙe kafaɗata, kuma ba ta saki ba bayan mun wuce shi.

Yanzu tana koya wa yaran unguwa lesin a zaure da yamma, tana kuma kai dosiye duk inda ta ji ana nema. Takardar asibitin da ta taron suna ƙarƙashin akwatin Inna. Shekaranjiya ina dawowa daga Yelwa na hango ta a bakin titi cikin rana, tana tafiya a ƙasa za ta wurin mai fotokopi. Na tsaya na ce, "Adda, hau." Ta hau. Da muka isa na kashe babur na miƙa hannu in karɓar mata jakar, don sabo.

Ta ce, "Jira ni a waje."

Na jira. Dogo, turarenka ke nan.